Na Ɗaya da Na Biyu: Raba Labari Gida Biyu a Littafin Zane da Fim

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo na wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta ko Bici ko Minjibir, a shekarun da kaset ke tashe, ya san irin gunagunin da kan tashi sa'ad da fim ya kai tsakiyar daɗinsa, sai hoto ya tsaya cik, rubutu ya fito cewa a nemi kashi na biyu. Wasu su yi tsaki, wasu su yi dariya, yara kuwa su yanyame mai gidan kallo da tambayar ko na biyun ya fito. Irin wannan gunaguni ne ya tashi a gidajen silima na duniya cikin shekarar 2018, lokacin da fim ɗin nan na Amurka mai suna Avengers: Infinity War ya ƙare mugu na da rinjaye, rabin sadaukan labarin sun zama ƙura, aka bar masu kallo su jira shekara guda cur kafin su ga yadda za ta kaya.

Wannan maƙala za ta duba wannan al'ada ta raba labari guda gida biyu, tun daga tushenta a littattafan zane na sadaukai, zuwa yadda ta bayyana a littafi da fim na Hausa, har ta iske manoman arewacin Kano. Abin da ake son nunawa shi ne, rabon iri biyu ne, kamar dai aikin fawa. Akwai mahaucin da ke lalubo gaɓa ya sa wuƙa, nama ya rabu ba gardama. Akwai kuma wanda ke ɗaga gatari ya sara a tsakiyar ƙashi don kawai ya sami kashi biyu na sayarwa. Mai saye yakan gane bambancin, ko da bai iya faɗar sunansa ba.

Littafin zane da yanayinsa

Abin da ake nufi da littafin zane a nan shi ne ɗan littafin da ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jera zane-zane a gida-gida, maganar mutane kuma a rubuce cikin wani ɗan da'ira kusa da bakinsu. Sadaukai masu ƙarfin al'ajabi sun fara cin kasuwarsa a Amurka cikin 1938, sa'ad da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman. Batman ya biyo baya a 1939. Tun daga farko sana'ar ta wata-wata ce: ɗan littafi mai shafi kaɗan, mai araha, wanda yaro zai iya saye da kuɗin kashewarsa. Daga baya aka daidaita a kan shafi ashirin da 'yan kai na labari a kowace fitowa. Marubucin da aka ba wannan ɗan fili tilas ya koyi abu biyu, watau ya ƙosar da mai karatu a wannan wata, ya kuma bar masa ƙishirwar da za ta dawo da shi wata mai zuwa. Saboda haka katsewa ba baƙuwa ba ce a littafin zane, da ita aka haife shi.

Har a cikin shafi guda ma katsewar na nan. Tsakanin gidan zane da na gaba akwai ɗan farin fili, kuma a cikin wannan fili ne yawancin motsi ke faruwa. Mai zane ya nuna sadauki ya ɗaga hannu, gida na gaba ya nuna abokin gaba a ƙasa; naushin kansa mai karatu ne ya kai shi a zuciyarsa. Scott McCloud ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa na 1993. Fim kuwa ba shi da wannan rangwame. Hoto ashirin da huɗu yake zubowa a kowace daƙiƙa, dole a nuna naushin, a nuna faɗuwar, a biya kuɗin ginin da ya rushe. Abin da mai zane ya gama da tawada ta sisin kwabo, mai fim sai ya tara ɗaruruwan ma'aikata a kansa. Wannan shi ne tushen tsadar fina-finan sadaukai, tsadar kuwa ita ce ke kai masu kuɗi ga tunanin a ɗauki fim sau ɗaya a sayar sau biyu.

Nijeriya ba ta rasa rabonta na irin waɗannan littattafai ba. Daga 1968 zuwa 1972 kamfanin Drum ya riƙa fitar da mujallar African Film, wadda ke ba da labarin wani ɗan leƙen asiri mai suna Lance Spearman da hotunan kyamara maimakon zane, ana sayar da ita daga Legas har Nairobi. A 1975 kuma aka fara buga Powerman, baƙin sadauki da aka ƙirƙira musamman don kasuwar Nijeriya, wanda wasu Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka riƙa zanawa. An ma sa wa kowane gidan zane lamba, wai don kada mai karatu ya ɓata hanya. Shi Gibbons ɗin nan shi ne daga baya ya zana Watchmen, wanda aka mayar fim a 2009. Amma duk waɗannan da Turanci suke, don haka iyakarsu 'yan makaranta da ma'aikata. Yaron ƙauye da ya yi karatun Hausa a firamare, sadaukansa na cikin rubutun zube ne: Ganɗoki na Bello Kagara (1934), da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951), wanda ya tashi gurgu sa'an nan aka ba shi ƙarfin da ya fi na mutane. In ana neman sadaukin Hausa da ya yi kama da na littafin zane, to, ba a wuce Iliya ba.

Daga zane zuwa majigi

Da masu fim na Amurka suka fara ɗaukar waɗannan sadaukai, ba su wahalar da kansu ba, sai suka kwaikwayi tsarin littafin. Adventures of Captain Marvel na 1941 babi goma sha biyu ne, ana nuna ɗaya kowane mako kafin babban fim; Batman na 1943 da Superman na 1948 kowanne babi goma sha biyar. Kowane babi yakan ƙare sadauki na cikin halaka, mako na gaba a nuna yadda ya kuɓuta. Ba wanda ya ce an cuce shi, domin kowa ya san sharaɗin tun kafin ya biya kuɗin ƙofa, jiran kuma na kwana bakwai ne.

Rigima ta fara ne da aka zo kan babban fim, wanda mai kallo ya saba ya shiga ya fito da cikakken labari. A 1973 Alexander Salkind da ɗansa Ilya suka ɗauki labarin The Three Musketeers a matsayin fim guda, da suka ga ya yi tsawo sai suka raba shi, suka fitar da rabi na biyu a 1974 da wani suna. 'Yan wasa suka ce an biya su ladan fim ɗaya an ci ribar biyu. Daga nan ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta sa ya zama ƙa'ida a rubuta cikin yarjejeniya ko fim nawa ake ɗauka, ƙa'idar da har yau ake kira da sunan Salkind. Su dai waɗannan mutane ne suka ɗauki nauyin Superman na 1978, suka kuma shirya a ɗauki na ɗaya da na biyu a lokaci guda. Da kuɗi suka yi ƙasa, lokaci ya ƙure, sai aka dakatar da na biyu, aka ɗauko ƙarshen da aka tanadar masa, watau inda Superman ke juya zamani baya, aka liƙa wa na ɗaya don ya tsaya da ƙafarsa ko da na biyu bai samu ba. Na biyun ya fito a 1980, bayan an sallami Richard Donner an ba Richard Lester ya ƙarasa. Abin lura a nan shi ne, tsoron asara ne ya sa aka ba mai kallo cikakken labari.

Bayan shekara talatin tsoron ya gushe. Littafin ƙarshe na Harry Potter an raba shi fim biyu, 2010 da 2011, aka sami kuɗi mai yawa, sai kowa ya bi sahu. Twilight ya yi haka a 2011 da 2012, The Hunger Games a 2014 da 2015, har aka kai ga miƙe The Hobbit, ɗan littafin da bai taka kara ya karya ba wajen girma, ya zama fim uku daga 2012 zuwa 2014. A cikin wannan yanayi ne kamfanin Marvel ya ba da sanarwa a watan Oktoba na 2014 cewa Infinity War zai zo kashi na ɗaya da na biyu. Amma kafin su fito jama'a sun fara ƙosawa. Kashi na biyu na ƙarshen The Hunger Games bai kai na ɗaya ciniki ba, kalmar "kashi na ɗaya" ta fara zama kamar gargaɗi cewa rabin kaya za a ba mutum. A 2016 Marvel ya cire lambobin, daga baya ya raɗa wa na biyun suna Endgame. Rabon yana nan, sunansa kawai aka ɓoye.

Yana da kyau a tsaya a kan yadda aka yi wannan rabo, domin shi ne misali mafi bayyana na neman gaɓa. Tushen labarin shi ne The Infinity Gauntlet, littafin zane mai fitowa shida na 1991, wanda Jim Starlin ya rubuta, George Pérez da Ron Lim suka zana. A can, mugun nan Thanos yakan shafe rabin masu rai ne tun a fitowa ta farko. Sauran biyar ɗin duk labarin yadda aka yi da shi ne. Masu fim suka ɗauke wannan aika-aika daga farkon labari suka kai ta ƙarshen fim na ɗaya, suka mai da fim ɗin gaba ɗaya labarin Thanos da neman duwatsu shida da yake yi. Ta haka fim na ɗaya ya sami mafari da tsakiya da ƙarshe: mai nema ya nema, ya sha wuya, ya samu, ya zauna ya huta. Labari ya cika, sai dai cikar ta mugu ce. Na biyu kuma ya buɗe da sabuwar tambaya, ya tsallake shekara biyar, ya zama labarin waɗanda suka rage. Sun kuma sauya dalilin mugun. A littafi, yana yi ne don neman yardar Mutuwa, wadda aka siffanta ta mace yana sonta. A fim kuwa cewa ya yi mutane sun yi wa abinci yawa. Manomin ƙasar Kano, wanda kakanninsa suka ciyar da ɗimbin jama'a a gona guda shekara da shekaru da taki da haƙuri, da wuya wannan hujja ta burge shi. Ko ta yaya, fina-finan biyu sun tara abin da ya haura dala biliyan 2 da kuma kusan biliyan 2.8.

Yadda abin yake a Kano

Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa dakatar da labari ba, amma ya kamata a bambance. Tatsuniya ba a raba ta. In an buɗe ta da dare, a daren ake rufe ta da ƙurunƙus, mai ba da ita ba ta cewa yara su dawo gobe su ji ko Gizo ya tsira. Inda aka sami dakatarwa shi ne a labarai masu uwa da 'ya'ya, irin Dare Dubu da Ɗaya da kuma Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito littafi uku a ƙarshen shekarun 1930. A littafi na farko aku yana tsare Musa ɗan sarki da labari har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari yana ƙarewa a darensa, mai karatu ya ƙoshi. Abin da ke rataye shi ne uwar labarin, watau ko gobe akun zai sake cin nasara. Wannan ita ce dabarar da gwanayen littafin zane suke bi, Imam kuwa ya iya ta tun a shekarun da Superman ke fitowa.

Rabon da ya shafi kasuwa kai tsaye ya zo ne da littattafan da aka fi sani da adabin kasuwar Kano, daga tsakiyar shekarun 1980. Marubutan nan da kuɗin aljihunsu suke buga littafi. Wanda ya rubuta labari mai tsawo ba shi da jarin buga shi gaba ɗaya, in ma ya buga, kuɗinsa zai fi ƙarfin 'yan mata da matan aure da su ne masu saye. Sai ya buga na ɗaya siriri, ya kai wa 'yan kasuwa, abin da ya dawo ya buga na biyu da shi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a haka ya fito, haka ma ɗimbin littattafan soyayya da na yaƙi da suka biyo baya, wasu har na uku da na huɗu. Mai karatu, ko ta sani ko ba ta sani ba, ita ce mai ba da jarin kashi na gaba.

Da fim ɗin bidiyo ya kankama, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 da Gimbiya Fatima a 1992, sai ya gaji masu karatun nan, ya gaji marubutan, ya kuma gaji lambobin. An mai da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, aka bi da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu kafin ƙarshen shekarun. Wannan ya sha bamban da abin da aka yi wa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976 da kuɗin hukuma, fim guda cikakke don majigin silima. Fim ɗin bidiyo ba shi da hukuma a bayansa, kasuwa ce uwarsa, ita ce ubansa. Sangaya (1999) da Wasila (2000), waɗanda suka yi tashen da ba a taɓa gani ba, duk an bi su da na biyu.

Sau da yawa akan ɗora wa kaset laifin rabon, a ce bai isa ya ɗauki fim ɗin ba. Wannan bai cika zama hujja ba, domin akwai kaset mai cin awa uku, kuma a kansa ake kallon fina-finan Indiya masu tsawo. Faifan sidi na bidiyo, wanda ya zo daga baya, shi ne ke da iyaka ta gaske, don bai wuce minti saba'in da 'yan kai zuwa tamanin ba. Dalili mafi ƙarfi yana cikin yadda ake cinikin fim a wancan zamani a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai. Mai fim yakan buga kwali, watau rigar kaset mai hotunan 'yan wasa, ya sayar wa dillalai, ya ba su uwar kaset su yi ta kwafa da kansu suna sawa a kwalin. Ribar mai fim, ke nan, tana ga yawan kwalin da ya sayar, kuma kwanakinta kaɗan ne kafin masu satar fasaha su cika kasuwa. Wanda ya tara 'yan wasa sau ɗaya, ya yi hayar kyamara sau ɗaya, in ya raba abin da ya ɗauka biyu ya sami kwali biyu da ranar fitowa biyu. Lissafin Salkind ne sak, ba tare da wani ya ji labarin wani ba. Tambayar da 'yan wasan Amurka suka yi a 1974 kuwa, ko ladan fim nawa aka biya su, tambaya ce da ta dace da duk inda aka yi irin wannan lissafi.

Illar da wannan ya yi wa fasaha a bayyane take. Labarin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba in aka ce sai ya cika kaset biyu, dole a yi masa ciko. Sai a ga an nuna mota tun daga fitowarta gida har isarta, a ga gaisuwa ta ɗauki minti biyar, a ga waƙa ta biyo waƙa ba tare da ta matsar da labari ko taku ɗaya ba. Kashi na biyu kuma ya buɗe da dogon maimaicin na ɗaya. Ba a ce waƙa a fim ɗin Hausa ciko ce kawai ba, tana da tushenta a ƙaunar fim ɗin Indiya da wasannin dandali, kuma sau da yawa ita ke sayar da fim ɗin. Amma mai kallo yana bambance waƙar da labari ya kira da wadda aka kira don a cika faifai.

Kashi na biyu a ƙauye

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, musamman ta arewa wajen Dawakin Tofa da Minjibir da Ɗambatta da Bici, tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore ya yi nazarinta tun a shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona kowace shekara ba hutu, jakuna na kai itace birni suna dawowa da taki. Ƙauye na ganin ƙauye, unguwa na jin kiran sallar unguwa, kasuwanni kuma na ci bi da bi cikin mako. Irin wannan ƙasa ta dace da yawon kaset ƙwarai. Hanyar da taki ya bi, ita kaset ya bi, a bayan keke ko a motar kasuwa, ya kwana a wannan gida gobe ya ƙetara gona uku ya kwana a wancan.

Sai dai a wancan zamani mutumin ƙauye ba kasafai yake sayen kaset ba. Ko dai ya biya kuɗin shiga gidan kallo mai janareta, ko a yi haya a kai cikin gida inda matan kulle za su taru, yaro ne ɗan aike. Don haka rabon fim ya fi yi masa nauyi fiye da ɗan birni. Kuɗin haya biyu ne, man janareta biyu ne, kuma samun na biyun ba a hannunsa yake ba, yana hannun mai shagon haya, shi kuma sai ya shiga birni ko ranar kasuwa ta zagayo. Ga kuma lokaci. Kallo na kaka ne da rani, sa'ad da gero da dawa da gyaɗa suka shigo, kuɗi ya ɗan zauna a hannu, dare kuma ba gajiyar noma. Fim ɗin da na ɗayansa ya zo da kaka, in na biyu ya yi jinkiri har ruwa ya sauka, ya tarar masu jiransa suna gona, samarin da suka fi ɗokinsa wasu ma tun rani sun tafi cin rani.

Daga nan wani abu ya tsiro wanda ya cancanci masu nazarin adabin baka su kula da shi. Tun da ba kowa ke samun kashi biyun ba, wani ma na biyu yake fara gani, sai wanda ya gani ya zama mai ba da labari. A bakin rijiya, a wurin sussuka, a dandali bayan sallar lisha, akan sami wadda ta je biki birni ta gano ƙarshen, tana kwaikwayon muryar kishiya da ta uwar miji, masu sauraro na gyara mata abin da ya gabata. Giɓin da ɗan kasuwa ya bari don riba, baki ya cike shi kyauta. Aikin da mai karanta littafin zane ke yi shi kaɗai a ɗan farin filin nan na tsakanin zane da zane, shi ne jama'ar unguwa ke yi tare a tsakanin kaset da kaset. A nan ne kuma ake gane fim ɗin da aka yanka a gaɓa. In na ɗaya ya bar tambaya guda mai kaifi, za a yi mako ana gardama a kanta. In sara aka yi a tsakiyar zance, ba abin da za a yi gardama a kai, sai dai a ce an cuci mutane.

Misalin tambaya mai kaifi ya zo daga Indiya. Baahubali na S. S. Rajamouli, wanda shi da kansa ya ce littattafan zane na Amar Chitra Katha da ya karanta yana yaro sun yi masa tasiri, ya fito kashi biyu a 2015 da 2017. Na ɗaya ya ƙare da bayyana cewa amintaccen bawa Kattappa shi ne ya soke ubangidansa. Shekara biyu ana tambayar dalilinsa, kuma da fassarar Hausa ta fina-finan Indiya ta kai shi wayoyin samari, tambayar ba ta bukaci wani bayani ba a ƙasar da ta san sarauta da bayin sarki da amana.

Bashin da ke kan mai labari

Duk wanda ya rubuta "na ɗaya" a kan kwali ya ci bashi, kuma ba kullum ake biya ba. An sanar da Justice League kashi biyu, na 2017 da na 2019. Na ɗaya bai yi kasuwar da aka zata ba, na biyu bai zo ba. Littafin ƙarshe na Divergent an raba shi, rabin farko ya fito a 2016, rabi na biyu ba a ɗauke shi ba sam, waɗanda suka biya kuɗin fim uku aka bar su ba ƙarshe. A kasuwar Kano ma sharaɗin ɗaya ne, tun da cinikin na ɗaya ne ke haifar da na biyu, a littafi da fim baki ɗaya. Bambancin shi ne, kamfanin Amurka yana da wasu fina-finan da zai mai da asararsa, mai karatu a ƙauye kuwa da ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli ko na saƙa ta sayi rabin labari, rabin nan shi ne abin da ta samu.

Kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, kwali ya tafi da ita, dalilin raba fim biyu ya ragu. Abin da ya maye gurbinsa shi ne fim mai dogon zango. Tashar Arewa24 ta fara Daɗin Kowa a 2015 da Kwana Casa'in a 2019, Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka biyo a 2020, ana sakin kashi guda kowane mako a talabijin ko a YouTube. Wannan komawa ce ga tsarin babi-babi na Captain Marvel na 1941, da na littafin zane kansa, inda kowa ya san sharaɗi tun farko. A ƙauyukan arewacin Kano mai shagon cajin waya, wanda sau da yawa shi ne mai tura fim, ya gaji mai shagon haya. Yaro yakan kawo waya ko ɗan katin ajiya, ya faɗi sunan fim da lambar kashin da aka tsaya, a tura masa na wannan mako ya kai cikin gida.